Hatsi ya shiga rumbu: wane hakki magabata suke da shi a kanmu?

Ɗan Birni:
Assalamu alaikum jama'ar zaure, barkanmu da kaka. Ina da shawara, na kuma san za ta jawo surutu, amma gara in faɗa. Duk shekara in an gama girbi sai mu cika nan da hotunan dami da rumbu, kowa ya rubuta alhamdu lillahi, shi ke nan. Ba mai ambaton waɗanda suka sare dajin da muke nomawa. Gonar gidanmu da ke hanyar Mirya ba babana ya share ta ba, ba ma kakana ba, uban kakana ne, da gatari da ƙarfin damtsensa. Mu dai mun tashi mun tarar da ita da iyakokinta da itatuwanta da rijiya a gefe. Me zai hana mu 'yan zauren nan mu ware rana guda bayan sussuka, mu haɗu nan Damagaram, a dama fura, a kira dattawa su ba da labarin noman da, a fito da tsofaffin kayan aiki yara su gani, a yi wa magabata addu'a? Ina sauraronku.

Malam na Zango:
Wa alaikumus salam. Ƙanena, niyyarka mai kyau ce, amma ka taka a hankali. Taron bayan girbi ba sabon abu ba ne a ƙasar nan. An yi shi, mun kuma san kamanninsa: a zuba gumba a gindin itace, a yanka jan zakara ko baƙar akuya a ce na uwar gona ne, ba mai taɓa sabon hatsi sai an yi wannan. Malamai sun sha fama kafin mutane su bari. Yau ka ce fura da addu'a, nan da shekara biyar wani ya ce in ba a yi ba damina ba za ta yi albarka ba. Ta nan ake zamewa.

Hakkin ranar girbi an riga an faɗe shi a Suratul An'am, aya ta 141: a ba da hakkinsa ranar girbe shi. Wanda hatsinsa ya kai nisabi, wato sa'i 300, ya fitar da ɗaya cikin goma in ruwan sama ne ya shayar, rabin haka in ban ruwa ya yi. Iyayenmu tun a gona suke ƙirgawa, dami tara nan, na goma can, kafin ma amalanke ya iso. Yau mutum nawa ke yi? In son magabata muke, mu fara daga nan.

Ɗan Birni:
Allah shi gafarta Malam, ni ko kaza ban ce a yanka ba. Zakka wajibi ce, ba gardama. Amma zakka hakkin mabukata ce. Ni maganar yaranmu nake, waɗanda ba su san bambancin hauya da sungumi ba, suna tsammani a shago hatsi yake tsirowa.

Baba na Matamai (jikansa ke rubuta masa):
Yaro ya karanta mini abin da kuka rubuta. Ɗana na Birni, Allah shi yi maka albarka, amma bari in tambaye ka: irin da ka shuka bana daga ina ya fito? In a kasuwa ka auno shi, ko a buhun agaji ya zo, to aje maganar fura tukuna.

Mahaifina ba ya bari a shiga girbi sai ya zaga gonar shi kaɗai. Yana tafe yana kama zangarniya ɗaya bayan ɗaya, ya murza da babban yatsa. In ƙwaya ta cika har tsini, ba hanyar tsutsa a jiki, ba baƙin gari, sai ya yanke ya jefa cikin buhun da ke kafaɗarsa. Waɗannan ake ɗaurewa daban da igiyar kaba, a barbaɗa musu toka, a kai su can ƙuryar rumbu. Ko baƙo daga fada ya sauka ba a kwance damin nan.

Shekarar El Buhari, 1984, ruwa ya ɗauke tun hatsi bai fid da kai ba, ga iyakar Najeriya a rufe. Mun ci anza, wadda sai an jiƙa ta kwana da kwanaki ana zubar da ruwan kafin ɗacin ya fita. Mun ci jiga. Mata sun tona gidan tururuwa suna tsintar ƙwaya. Gidaje da yawa sun daka irinsu sun sha, kuma ban ga laifinsu ba. Tsohuwata ta zuba namu cikin tulu, ta liƙe bakin da laka, ta binne ƙarƙashin gadonta, ko mahaifina ba ta gaya masa ba. Jikokinta na kukan yunwa a kan gadon nan, ta daure. Sai da ruwa ya sauka a 1985 ta tono shi. Irin hatsin zango da nake shukawa har yau daga wannan tulun ya fito. Ita kuma ta ce wurin kakarta ta ji dabarar, wadda ta ga Kakalaba ta 1913 da 1914 da idonta.

Kuma a zamaninsu abin kunya ne magidanci ya ci hatsin bana a bana. Rumbun bara ake buɗewa, mai ƙarfi ma na bara waccan. Ku fa, tun tumu bai gama huce wa yara ba an kai rabin gona kasuwa.

Malamin Gona (Magarya):
Baba, Allah shi ƙara girma. Labarin tulun nan ya fi duk abin da aka koya mana a aji. Amma ka yi mini izini in kare 'yan yanzu kaɗan. Zango hatsi ne mai dogon kai, yana kuma son damina mai tsawo. Shekarar da ruwa ya makara ko ya ɗauke da wuri, wanda ya shuka zango kaɗai yana iya tashi da kara. Shi ya sa mutane suka karɓi irin da ake kira HKP, wanda ke nuna da wuri. Abin da ba a cika faɗa ba, HKP ɗin ma ba daga sama ya faɗo ba, daga wani tsohon irin manoman yammacin ƙasar nan mai suna haini kire masu bincike suka tace shi. Haka ankutes na Damargu mai gajeren kai da kauri, haka ba-angure na gabas. Duk tsofaffi ne suka zaɓe su zangarniya bayan zangarniya, yadda mahaifin Baba ke yi, ba takarda ba alƙalami.

Maganar rumbun shekara uku kuwa, a duba yawan bakin da ke ci. Lokacin da aka samu 'yancin kai a 1960 mutanen Nijar duka wajen miliyan 3 ne. Ƙidayar 2012 ta ba da sama da miliyan 17, jihar Damagaram kaɗai ta haura miliyan 3 da rabi. Ƙasa kuwa ba ta ƙaru ba. Da ana barin gona ta huta shekaru, yanzu a nan kudu wa ke da gonar da zai bari ta huta?

Ni in aka tambaye ni gadon da ya fi girma, gawo zan ce. Itace ne mai zubar da ganye da damina, don haka ba ya yi wa hatsi inuwa, ganyen kuma ya zama taki. Da rani ya yi kore, 'ya'yansa su ciyar da dabbobi. Duk manomi ya san hatsin gindin gawo ya fi na fili. Dattawa suna ba da labari cewa Sarki Tanimun na Damagaram ya kafa doka mai tsanani a kan sare gawo, har ana cewa da ran mutum ake biya. Daga baya aka zo zamanin da itace ya zama na gwamnati, manomi ya ga in ya bar tsiro a gonarsa tara ce ke jiransa ranar da ya sassabe reshe, sai ya riƙa tumɓukewa tun yana ƙarami. Bayan yunwar 1984 mutane suka koma barin tsiro suna gyara shi, abin da muke kira sassaben zamani. Masu duba hotunan tauraron ɗan Adam sun ƙiyasta wajen hekta miliyan 5 da itatuwa kusan miliyan 200 tsakanin Maraɗi da Damagaram, kuma yankin Magarya, Matamai da Mirya na cikin inda gawo ya fi dawowa. A 2020 gwamnati ta fitar da doka da ta amince wa manomi da itacen da ya raina a gonarsa. Ana ce masa na zamani, amma kakanni sun riga mu.

Alhaji na Kasuwar Dole:
Ni dai ɗan kasuwa ne, kuma na ji Baba ya harbo mu da maganar kai rabin gona kasuwa. Baba, da girmanka, ba mu ke zuwa gona mu ƙwace ba. Mutum ya ci bashi da bazara, ga aure da kaka, ga kuɗin lakwal, ga magani, ga tufafin yara. Da me zai biya in ba hatsi ba? Mutanen da ba su da rabin waɗannan buƙatu.

Sannan kada mu mai da zamanin da aljanna. Wani rumbun ma ba don Allah aka cika shi ba. Bayan yunwar 1931 Nasara ya tilasta wa kowane gari rumbun tsimi, a zuba dole, ba a buɗewa sai da izini. Kakana ya sha faɗa mana yadda suka tsani rumbun nan. Kuma shi kakan nawa da kansa ya bar noma ya bi fatauci, don ya ga wahalar ta fi amfanin yawa. In na sayar da gonar da gari ya cim mata na gina wa 'ya'yana gida, na ci amanarsa ke nan? Ku dubi gefen Damagaram ta kowace hanya, gonakin da muka sani muna yara duk an yanka su filaye.

Ɗan Ci-rani (Sabha):
Alhaji, Allah shi ƙara arziki, amma ka tsallake wani abu. Wannan bashin na bazara da ake ba mutum tiya ɗaya ya biya biyu da kaka, wanda muke kira a ci ba daɗi, su wa ke ba da shi? Ban ce kai ba. Ni abin da ya fito da ni ke nan. Gonar kakanmu da aka raba wa 'ya'ya, 'ya'yan suka raba mana, rabona bai fi shimfiɗar tabarma ba. Ina nan ina ɗaukar bulo a Libiya don a sayi hatsin da kakana yake kyautar da shi. In kun yi taron ku turo hoto, amma ni girmama shi a wurina shi ne kada in sayar da ɗan abin da ya rage, ko da kuwa ban noma shi ba.

Ɗiyar Kance:
Tun ɗazu nake karantawa ina jira in ga wanda zai tuna da mata, sai Baba kaɗai, Allah shi saka masa. Ga shi ma labarin da ya fi taɓa kowa na mace ne. Amma in aka ce magabata sai ku hango namiji da gatari.

Kakata asubar fari take tashi ta yi surfe, ta yi daka, ta je rijiya, ta dama fura ta ɗora a ka zuwa gonar gandu da goyo a baya. Ta taya shuka, ita ke bin sungumi tana zuba iri tana rufewa da dunduniya. Sai la'asar take samun shiga gamanarta, inda take shuka wake da gujiya da yakuwa da kuɓewa. Da kaka kuma sussuka da sheƙa nata ne, ƙaiƙayi ya shiga mata ido da wuya har fatar ta yi ja. Tafin hannunta in ta shafa maka fuska sai ka ji kaushi, kantar taɓarya ce. In rumbun gandu ya rufe da rani, maza sun tafi ci-rani, da abin gamanar nan take riƙe gida.

To da ta rasu me ta bari? Ba ta da ko taku ɗaya na ƙasa da sunanta, don gamana aro ce daga miji, gonar ubanta kuwa 'yan'uwanta maza suka riƙe. Yanzu ma da ƙasa ta yi ƙaranci, gamanar ce farkon abin da ake karɓewa, a ce wa mace ta huta a gida. Hutun me, da yara shida? Kuna ganin matanmu na bin hanyar Aljeriya kuna zaginsu. A watan Oktoba na 2013 gawa 92 aka tsinta a hamada kusa da iyaka, yawancinsu mata da yara, da yawansu daga yankinmu. Wadda take da gonar da za ta ci ba ta ɗaukar goyo ta shiga Sahara.

Yayana na Birni, tambaya ɗaya: gonar nan taku ta hanyar Mirya, gwaggwanninka nawa suka samu rabo a ciki?

Ɗan Birni:
Ƙanwata, kin ɗaure ni da jijiyata. Gonar tamu gandu ce, ba a taɓa raba ta ba, kuma duk kaka ana kai wa gwaggwanni daminsu har gida. Maganar rabo ta manya ce, ni ba ni da bakin cewa komai baffannina na raye.

Ɗiyar Kance:
Dami kyauta ne, yaya. Ranar da aka yi fushi da ita sai a hana. Ni rabo na tambaya.

Ɗalibar Tarihi:
Anti ta Kance kin sosa mini inda ke mini ƙaiƙayi, bari in ƙara nawa, ko da zai yi wa wasu ɗaci. Malamin Gona ya ambaci Sarki Tanimun. Gaskiya ne a zamaninsa, har zuwa rasuwarsa a 1884, Damagaram ta yi ƙarfin da ba ta taɓa yi ba: ganuwar Birni, igwa da ake ƙerawa a nan, ayarin raƙuma zuwa Tarabulus. Amma wa ya kwaɓa ƙasar ganuwar? Wa ya noma hatsin da ya ciyar da dakaru da dawakai? Da yawansu bayi ne da aka kamo a yaƙi, wasu aka zaunar da su suna noma, wasu aka wuce da su arewa aka sayar. Jikokinsu na nan cikinmu, wataƙila har cikin zauren nan. Sai a 2003 dokar Nijar ta mai da bauta laifin da ake ɗaure mutum a kansa.

Bayan Nasara ya ci ƙasar a 1899 kuma aka shiga aikin tilas, wanda bai ƙare ba sai 1946, ga haraji da ya tura mutanen Magarya da Matamai noman gujiya don su samu kuɗin biya, ana kwasarta zuwa Kano ta hau jirgin ƙasa. Bayan 'yanci kamfanin gujiya na ƙasa, SONARA, ya karɓi cinikin daga 1962, har fari da ciwon gujiya na shekarun 1970 suka karya shi. Nufina, in za a tara yara a ba su labari, a ba su duka. Ba kowane gumi ne mai shi ya ci amfaninsa ba.

Ɗan Fada:
Yarinya, karatu bai ce ki tsaya a zaure ki tona asirin mutane ba. Wace masarauta ce a lokacin ba ta da bayi, Kano ko Borno? Ba don ganuwar Tanimun ba da kakanninki ma an kwashe su. Wannan magana in ta tashi aure take kashewa, kin sani.

Mai Kula da Zaure:
A yi haƙuri. Ɗaliba ba ta kira sunan gidan kowa ba, kuma ba za a kira ba. Duk wanda ya ce wa wani ɗan wane ne zan cire shi. A ci gaba.

Jauro na Damargu:
Sannunku manoma. Kuna ta yabon gawo, ba wanda ya tambayi wa ya shuka shi. Ba mutum ba ne, saniya ce da akuya. Su ke cin 'ya'yan, ƙwayar ta fito cikin kashi ta tsira. Kakannina in kaka ta wuce suna saukowa da shanu, mai gona ya zo har ruga yana roƙo a kwana a gonarsa. A yi sati biyu ko wata ana zuba masa taki, ya ba da dami, matarsa ta ba da hatsi a ba ta nono. Kowane gidan Fulani na da gidan Bahaushen da yake sauka, uba ya bar wa ɗa. Wannan ma gadon magabata ne, kuma shi ya fara mutuwa.

Yau kafin hukuma ta sa ranar sakin gonaki an kwashe kara da harawa tas an ɗora bisa itace ko rufin ɗaki, sai sayarwa. Ban ce laifi ba ne, kowa na da tumakinsa yanzu. Amma burtalin da kakanninku suka bari da faɗinsa, shanu na wucewa ba sa taɓa kara, ku je ku gani, wani wurin jaki da kaya ba ya wucewa. Dokar 1961 ta shata iyakar noma ta arewa, gonaki sun tsallake ta tuntuni. Dattawan da kuke son girmamawa sun san in makiyayi ya rasa hanya gona ce za ta rasa taki. In za ku yi taron, ku kira mu, nonon furar ai namu ne.

Babarbaren Gure:
Jauro, za mu kira ka, amma ka bar sandar a gida, kuma kada ka zo da nonon da aka yi wa wanka a rijiya.

Jauro na Damargu:
Bawana, kai dai zo da ƙwaryarka, ubangidanka zai cika maka ita.

Malam na Zango:
Na karanta duka, kuma akwai abin da ya wajaba in faɗa. 'Yata ta Kance, maganarki ba ra'ayi ba ce, hukunci ne. Suratun Nisa'i ta ba mace rabonta daga abin da iyaye suka bari, kaɗan ne ko mai yawa, kuma ba a cire gona ba. Wanda ya riƙe rabon 'yar'uwarsa ba da yardarta ba, ya kai mata dami yana ganin alheri ya yi, ya sake tunani. In ta ce a bar gonar a haɗe ana ba ta amfanin rabonta, wannan daidai ne, amma ita za ta faɗa, ba a faɗa mata ba. Ƙanena na Birni, ka kai wa baffanninka wannan da ladabi.

Addu'a ga iyaye da sadaka dominsu kuwa ba wanda ya hana, lada na isa gare su. Ya ma tabbata a hadisi cewa Musulmin da ya dasa itace ko ya yi shuka, mutum ko tsuntsu ko dabba suka ci, sadaka ce gare shi. Ke nan wanda ya bar gawon kakansa tsaye bai yanke masa wannan hanyar ba. Dattawa su zauna su koya wa yara, wannan ilimi ne. Abin da ban yarda da shi ba har yanzu shi ne a tsayar da rana guda duk shekara a ba ta suna. A nan ina nan inda nake.

Ɗan Birni:
Malam, ai wasan kara ma bayan girbi ake yinsa nan Damagaram, yara su yi rawani da bindigar kara suna kwaikwayon gwamna da sarki, ba wanda ya ce addini ne. Kokowa ma da kaka take tashi. In ba a sa rana ba, wa zai zo?

Malam na Zango:
Wasan kara ba a cewa don matattu ake yi. Bambancin ke nan.

Baba na Matamai (jikansa ke rubuta masa):
Ku bar jayayyar rana. Mu da muka ga gayya ba a sa mata ranar shekara. Mai gona ya aika goro, samari su fito da hauya su jeru, makaɗi na bayansu, kafin azahar an share gonar da mutum ɗaya zai yi sati a kai. Gonar tsoho da ta gwauruwa ba a jiran su aika. Wanda kuma ya ɗaure dami dubu ya zama sarkin noma, ba ɓoyewa yake ba, buki yake yi ya rabar, sunan ke nan ya rage masa. Alhaji, na ji maganarka ta rumbun Nasara, gaskiya ce, mahaifina ma ya zuba. Amma nasa rumbun na gida ba Nasara ya sa shi ba.

'Yar nan mai tarihi kuma a ƙyale ta. Wanda ya koya wa mahaifina zaɓen iri, a gidanmu aka haife shi amma ba ɗan gidan ba ne, kun gane. Ba a taɓa kiran sunansa in ana lissafin kakanni.

Ga abin da zan iya. Ina da damin iri biyu na zango bana. Ɗaya nawa ne. Ɗayan zan kwance in ba mutum goma zangarniya goma-goma. Sharaɗi: wanda zai shuka da kansa, kuma baɗi ya dawo mini da ashirin da ya zaɓa da hannunsa, in duba.

Malamin Gona (Magarya):
Baba, a sa ni na farko. Amma masu karɓa ku ji: hatsi iska ke ɗaukar garin furensa daga gona zuwa gona, in kun shuka shi jikin HKP na maƙwabci, shekara biyu uku ba za ku gane zangon ba. A ba shi gefe guda mai ɗan nisa, a cire shibra tun kafin ta yi fure, iri kuma a zaɓe shi daga tsakiyar gona, ba bakin iyaka ba. Mutanen Tanut da Gure kada ku zuba shi gona duka, ruwanku ba lalle ya kai shi ba, ku gwada kaɗan tukuna.

Ɗiyar Kance:
Baba, cikin goman nan mata nawa?

Baba na Matamai (jikansa ke rubuta masa):
Wadda ta zo da ƙafarta ta nuna mini inda za ta shuka. Ke in kina so ki zo ranar kasuwa, ki tambayi gidan mai zango.

Ɗan Ci-rani (Sabha):
Baba, ni fa? Ba zan samu dawowa kafin shuka ba, amma matata ce ke noma ɗan wurin, ita da ƙanena.

Baba na Matamai (jikansa ke rubuta masa):
To ita za ta zo, ba ƙanenka ba, kuma ita zan tambaya ashirin ɗina baɗi. Yaro ya ce cajin wayarsa ya kusa ƙarewa, saura mutum bakwai.

Alhaji na Kasuwar Dole:
Motata na zuwa Matamai ɗaukar wake ranar kasuwa, akwai wurin mutum uku a gaba. Mai so ya yi mini magana ta gefe kafin gobe da dare, kuma kowa ya biya kuɗin mansa.